Kaurin ƙafa ake saya: saƙo daga Faransa zuwa ga masu hoton Maraɗi

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da sauran ƴan gida, da abokan aikinka na shagon hoto. Ka ce in nemo maka ƙafar kyamara doguwa, irin mai ƙafa ukun nan da ake ɗora kyamara a kai, wadda aka rubuta a kwalinta tana ɗaukar kilo 15. Ban saya ba tukuna. A nan ba da tsawo ko kilo ake fara cinikinta ba, kuma ina so ka ji dalili kafin kuɗinka su fita. Ka karanta wa sauran masu ɗaukar biki da wa'azi, domin matsalar duka ɗaya ce.

A Paris akwai wani titi kusa da dandalin Bastille, Boulevard Beaumarchais, wanda ya daɗe da suna a kan shagunan kayan hoto, sabo da na hannu. In ka shiga ka ce ƙafa kake so, mai shago zai tambaye ka wace kyamara gare ka, wane gilashi ne mafi tsawo da kake ɗaura mata, hoto kake yi ko bidiyo, a mota kake yawo ko a ƙasa. Daga nan sai ya ce maka lamba 2 za ta ishe ka, ko kuwa sai lamba 3. Wannan lamba kaurin bututun ƙafar take nufi, bututu na sama, wanda ya fi kowane kauri.

Kamfanin Gitzo ne aka fi sani da wannan tsari. Wani Bafaranshe, Arsène Gitzhoven, ya kafa shi a 1917, ko da yake yanzu a Italiya ake ƙera kayansa, ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya da Manfrotto, wani mai ƙera irin waɗannan ƙafafu. A 1994 suka fitar da ƙafar kabon, wato zaren gawayi da aka murɗa aka daskarar, wadda ta fi ta alminiyom rashin nauyi. A tsarinsu na yanzu, lamba 0 kusan milimita 22 ce, lamba 1 kusan 25, lamba 2 kusan 29, lamba 3 kusan 33, lamba 4 kuwa 37, sai lamba 5 da ta ɗan haura 41. Tsofaffin da za ka samu a kayan hannu sun ɗan gaza haka: 20, 24, 28, 32. Sunan kayan ma bayani ne. In ka ga GT3543, 3 na farko shi ne ajin kauri, 5 na nufin kabon, 4 yawan gaɓoɓin ƙafa ne, na ƙarshen kuma yana nuna zubi na nawa ne.

Sai dai ka yi hattara, lambar ba doka ba ce da ta hau kan kowa. Really Right Stuff na Amurka ma suna da lamba 2 da 3, amma tasu lamba 3 tana kusa da milimita 37, wato daidai da lamba 4 ta Gitzo. Manfrotto kuwa sunayen 190 da 055 ba su da alaƙa da awo ko kaɗan; sai ka duba takarda za ka ga ta farko wajen milimita 26 ce, ta biyu wajen 30. Ni dai tsarin Leofoto na ƙasar Sin ya fi kwanta mini, domin ba su ɓoye komai ba: LS-324C na nufin milimita 32, gaɓa 4, kabon. Saboda haka kada ka riƙe lambar aji, ka riƙe milimita.

Za ka ce tsakanin 24 da 32 ai milimita 8 ce kawai, me za ta ƙara? Nan ne lissafin yake da ban mamaki. In kaurin jikin bututun bai sauya ba, ƙarfinsa na ƙin lanƙwasa yana ƙaruwa ne da faɗinsa sau faɗinsa sau faɗinsa. Bututun 32 ya fi na 24 da sulusi kawai a ido, amma a tsayuwa ya ninka shi fiye da sau biyu. Kuma abin da ke ɓata hoto ba karyewar ƙafa ba ne. Ƙafa ba ta cika karyewa ba. Rawa take yi, ƴar ƙaramar rawa da ido ba ya gani sai gilashi mai jawo nesa ya ninka ta. Wanda ya taɓa tsayawa daga nesa a filin kokawa ya jawo ƴan kokawa kusa, iskar hunturu na kaɗawa, ya san yadda hoton ke karkarwa ko da hannunsa bai taɓa kyamarar ba. Haka ranar hawan Salla a ƙofar fada, dawakai na wucewa, mutane na ture juna.

Shi ya sa kilon da ake rubutawa a kwali ba ya burge ni. Babu wani ma'auni guda da duk kamfanoni suka yarda da shi. Kowa yadda ya ga dama yake gwadawa ya rubuta. Ƙafa tana iya ɗaukar kilo 15 ba ta durƙushe ba, amma ta kasa riƙe kyamarar kilo 2 shiru.

Akwai abu na biyu da ba kowa ke dubawa ba, wato bututun ƙasa. Karan dawa kaurinsa a gindi yake, ita kuwa ƙafar kyamara kaurinta a sama yake, siririn ne ke taka ƙasa. Kowace gaɓa tana shiga cikin ta samanta, don haka tana raguwa da milimita 3 zuwa 4. Ɗauki ƙafar tafiye-tafiye da ta fara da 25 mai gaɓa 5: 25, 22, 19, 16, 13. Wannan 13 ɗin ita ke ɗauke da komai, kuma ga makullai huɗu a kowace ƙafa, kowane wuri ne da zai iya yin sako-sako. Turawa na son irin wannan saboda tana naɗewa ta shiga jakar hannu ta jirgi, wadda yawancin kamfanoni ba sa barin tsawonta ya wuce santimita 55. Kai kuwa daga unguwar Zariya zuwa ta Ali Ɗan Sofo a bayan babur za ka ɗaura ta, in ya yi nisa Tibiri ko Madarunfa. Ba ka da abin da za ka yi da gajartar, don haka kada ka biya ta da ƙarfi. Gaɓa 3 ta fi maka.

Tsawon da ka nema kuwa, a duba shi ba tare da an ɗaga sandar tsakiya ba. Masu sayarwa da yawa suna faɗin tsawo har da ita. Da ka ɗaga ta duka, kyamararka a kan sanda ɗaya take tsaye, sauran ukun suna can ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a nan ba kyan kayan ba ne, yadda ake sayar da su ne. Kowace ƙafa tana da takardar da ta nuna kaurin kowace gaɓa, nauyinta, da tsawonta a naɗe da a miƙe. A shago ana barin ka ka ɗora kyamararka, ka jawo hoto, ka ƙwanƙwasa ƙafar da yatsa, ka ga tsawon lokacin da rawar za ta ɗauka kafin ta tsaya. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye garantin shekara 2 a kan sabon kaya, in kuma ta intanet ya saya yana da kwana 14 na mayarwa ba sai ya faɗi dalili ba. Manyan kamfanoni suna sayar da kayan gyara ɗaya-ɗaya, har ƴar robar da ke cikin makulli da takalmin ƙafa, kowane da lambarsa. Akwai kuma gidajen haya, mai aikin kwana biyu ya karɓi babbar ƙafa ya mayar. Wannan hayar na so a ce wani a Maraɗi ya fara ta. Ƙafa biyu ko uku masu kyau za su iya zagaya masu bidiyo da yawa a lokacin bukukuwa, maimakon kowa ya sayi mai arha da ba za ta kai baɗi ba.

A gida ka san yadda abin yake. Kayan da ke shigowa ta Kano da Katsina, su bi Jibiya da Ɗan Isa su iso babbar kasuwa, yawanci ba takarda, ba suna tsayayye, ba inda za ka sami abin canji in makulli ya fashe. Ba na zargin ɗan kasuwa, abin da jama'a ke iya biya yake kawowa. Amma akwai inda muka fi su, kuma nesa ba kusa ba. A nan kuɗin hannun mai gyara kan sa mutum ya jefar da abin da bai mutu ba. A Maraɗi maƙeri ko mai walda zai miƙe maka bututun da ya lotse, ya yanka maka sabon noti, ka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan ne ma ya sa na fi karkata ga alminiyom a gare ka. Kabon ya fi sauƙin ɗauka, ya fi saurin kashe rawa, kuma ba ya ɗaukar zafi a rana kamar ƙarfe, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu. Amma in ya faɗo daga babur ya tsage, babu mai ɗinke shi a garin. Alminiyom lotsewa yake yi, a gyara. Ga kuma tsada: sabuwar Gitzo lamba 3 ta kabon tana kai wa kusan Yuro 1,000, kuma da yake Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga maganar sama da jika 650 ake yi, ba a ma sa kuɗin kai ba, wato abin da ake ɗaurawa a saman ƙafar ya riƙe kyamara. Manfrotto 055 ta alminiyom ba ta kai sulusin haka ba, a kayan hannu na shafin intanet na Leboncoin kuma ta fi sauƙi. In wani Alhaji daga cikin masu zuwa sarin kaya zai saya sabuwa, ka gaya masa ya nemi takardar cire haraji a shago. Harajin kaya a nan kashi 20 ne cikin 100, kuma baƙon da ba mazaunin Turai ba ana mayar masa da mafi yawansa in sayayyar ta wuce Yuro 100. Ni da nake zaune a nan ba ni da wannan dama.

Ƙura ma a sa ta a lissafi. Makulli iri biyu ne, na murɗawa da na ɗanawa. Na murɗawa rairayi na shiga zarensa ya riƙa ƙara, amma ana kwance shi da hannu a wanke a mayar. Na ɗanawa ya fi sauri wajen biki, sai dai yana saki da tsufa, a riƙa ɗaure notinsa. Ko wanne ka samu, kada a zuba masa man inji, ƙura yake tarawa.

Ga shawarata. Mai waya ko ƙaramar kyamara a cikin ɗaki, milimita 24 zuwa 25 ta isa. Aikin yau da kullum irin naka, biki da suna da hoton shago, 28 zuwa 30. Mai ɗaukar wa'azi daga bayan taro ko kokawa daga nesa, kada ya sauka ƙasa da 32, kuma in bidiyo ne zalla ya nemi mai kwano a sama, na milimita 75, wanda ke ba shi damar daidaita kai ko da ƙasar ba ta miƙe ba. Lamba 4 da 5 na masu manyan gilasai ne irin na wasanni da namun daji. Nauyi ne kawai za su ƙara maka. Kan da za a ɗaura ba zai ba da wahala ba, domin notin kusan duk duniya ɗaya ne: inci 1/4 a gindin kyamara, inci 3/8 tsakanin kai da ƙafa.

Kafin in saya, ka auna mini wadda kake aiki da ita yanzu. Ba sai ka nemi ma'aunin makanikai ba. Ari tef ɗin tela, ka zagaya bututun sama, ka raba abin da ka samu da 3.14. Santimita 10 na nufin milimita 32, wajen 9 na nufin 28, 7 da rabi kuwa 24. Ka yi haka ga bututun ƙasa ma, ka turo mini duka biyun tare da sunan gilashinka mafi tsawo da tsawonka kai kanka, don in san inda idonka zai tsaya.