Bas mai tuƙa kanta ko bas mai direba?

Bas mai tuƙa kanta ba ta gyangyaɗi, ba ta amsa waya. Da kyamarori da na'urar rada da hasken leza take ganin hanya, amma ruwan sama mai ƙarfi ko hazo kan dusashe mata gani.

Direba kuwa yana gajiya, yana kuskure. Sai dai shi zai hango tsohuwa ta madubi tana dogara sanda, ya jira ta. Shi zai taimaka wa mai keken guragu ya hau, ya gane alamar hannun ɗan sanda a mahaɗar da fitilarta ta mutu. Nan ne hankalina ya fi karkata, domin da yawa daga masu hawa bas ba su da wata hanyar fita.

A Mayun 2023 aka fara jigila da bas masu tuƙa kansu a Sikotland, ta gadar Forth, tafiyar mil 14. Ma'aikata biyu ne a kowace bas: direban ko-ta-kwana da mai kula da fasinjoji. An dakatar a Fabrairun 2025 saboda ƙarancin fasinja.

Ni dai a gwada bas mai tuƙa kanta a keɓantattun gajerun hanyoyi tukuna, kamar cikin filin jirgi.