Yawon jirgin ruwa a Sallins, ga yadda na same shi

Masu tambaya ko yawon jirgin ruwan nan na Sallins ya cancanci kuɗinsa, eh ya cancanta, amma ku saurara. Sallins ɗin ƙauye ne a yankin Kildare na ƙasar Ayalan, dab da Naas, daga tashar Heuston ta Dublin wajen rabin awa ne a jirgin ƙasa, kana sauka ɗan taku kaɗan ka iso bakin Grand Canal, hanyar ruwan da aka haƙa don jiragen kaya, inda jirgin yake ɗaure.

Jirgin irin na da ne, dogo mai faɗin ciki, tafiya yake kamar ba ya so, har mai yawo da kare a gefen ruwa sai ya wuce ku wallahi. Da farko abin ya ɗan ba ni haushi, daga baya na gane ai da ma haka aka yi shi ya tafi, don wannan siririyar hanyar ta gefe dawakai ne suke bi suna jan jiragen kaya da igiya. Direban ya iya labari ba laifi, sai dai Turancinsu na nan akwai sauri, in kana baya ga ƙarar inji rabin maganar iska ce ke kwashewa, don haka ka nemi kujera kusa da shi.

Inda kuɗina ya fita shi ne Leinster Aqueduct, gadar dutse da aka gina a 1783, ruwa a kan ruwa, kana cikin jirgi ka leƙa ƙasa ka ga kogin Liffey yana wucewa ta ƙarƙashinka. Ikon Allah, kuma ba injin zamani ko ɗaya lokacin. Ta wannan ruwan aka yi ta dakon gangunan Guinness da hatsi har zuwa 1960 da aka daina jigilar kaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne yadda kake ganin garin kashi biyu daga cikin ruwa, tsofaffin gine-ginen dutse a bakin gadar tsakiyar gari, bayansu kuma rukunin sababbin gidaje iri ɗaya sak reras. A ƙidayar 1996 mutanen garin ba su kai 1,000 ba, zuwa 2016 sun haura 5,800, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, tashar jirgin ƙasan da aka buɗe tun 1846 ta daɗe a rufe sai 1994 aka dawo da ita, ga gida ya yi tsada a Dublin, shi kenan ma'aikata suka yi ta kwararowa, a kwana a nan a yi sammakon aiki can. Yawancinsu ina jin ruwan ma ta tagar mota kawai suke ganinsa. Cunkoson da ke kan gadar tsakiyar gari dai ya ragu tunda aka buɗe titin kewaye a 2021.

Sanyi kam akwai shi ko da rani ne, iskar kan ruwa ba ta da mutunci, a tafi da jaket mai kauri. A kama wuri tun da wuri ta intanet saboda kujerun ba yawa, ƙarshen mako cika yake yi. Mai yara ƙanana masu ƙiriniya ya yi tunani, da an wuce Leinster Aqueduct za su fara tambayar yaushe za a koma.