Wasiƙa daga Birmingham zuwa Gombe kan sa'o'in farko na jariri a asibiti

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki, da fatan kuma Inna ta samu sauƙin ƙafarta. Saƙonki ya iso, na kuma fahimci cewa yanzu da cikin ya shiga wata takwas, tsoron a ɗauke miki jariri da zarar ya faɗo, a yi wani ɗaki da shi ba tare da kin san abin da ake yi masa ba, ya fi tsoron naƙudar kanta damun ki. Tun da Allah ya sa na haihu a wurare biyu, na fari a Gombe, ta biyu a nan Ingila, zan faɗa miki abin da idona ya gani.

A haihuwar fari, kukan yaron kawai na ji. Ungozoma ta yanke cibiya, aka fita da shi aka goge shi, aka auna nauyinsa, aka naɗe shi a zani aka miƙa wa Inna da ke zaune a baranda, ni kuwa ina kwance ana yi mini ɗinki. Ban ɗora ido a kansa ba sai bayan fiye da awa biyu. Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba, domin su biyu ne a kan mata da yawa a daren, kuma ni kaina kunyar ɗan fari ta hana ni buɗe baki in ce a kawo mini shi. Kin dai san yadda aka tarbiyyantar da mu.

A nan, tun a wajen awon ciki ake ba mace takarda ta rubuta yadda take so a yi mata ranar haihuwa. Na rubuta cewa ina so a bar mahaifin jaririyar ya yi mata kiran salla a kunne, kuma a ba mu mabiyiya mu binne, aka kuwa yi duka biyun babu gardama. Da yarinyar ta faɗo, ungozoma ta ɗora ta a kan ƙirjina tsirara, ta goge ta a nan, ta lulluɓe mu da tawul, kuma ba a yanke cibiya ba sai da aka dakata na ɗan lokaci, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla minti 1 saboda jinin da ya rage a mabiyiya ya ƙarasa shiga jikin jariri. Duba numfashinta da bugun zuciyarta da launin fatarta, wanda ake yi a minti na 1 da na 5, duk a jikina aka yi. Sai da ta kama nono ta sha dakashin nan da Gwaggo ta sa na matse na zubar a haihuwar fari, alhali shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka, sannan aka auna nauyinta a gabana, aka ɗaura mata shaida mai ɗauke da sunana a idon sawunta biyu, aka tambaye ni ko na amince a yi mata allurar bitamin K mai hana zubar jini. Wanka kuwa ba a yi mata ba, an ce in bari a kwana tukuna don kada sanyi ya kama ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan duka bai buƙaci wutar lantarki ko wata na'ura ba, kuma ba al'adar Turawa ba ce ta musamman. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin da ya ce a haɗa uwa da jariri fata da fata bayan haihuwa, a kuma bar su ɗaki ɗaya dare da rana. Ko goyon bakwaini a ƙirji, wanda ake koya wa mata a asibitocinmu, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, kuma ƙarancin kwalbar saka jarirai ne ya haifar da shi. A nan ma akan raba uwa da ɗa idan jariri ya kasa numfashi da kansa ko ya zo da ƙarancin watanni sosai, amma ana faɗa wa uwa dalili, ana kuma barin ta ta shiga wurinsa.

Inda suka yi mana nisa shi ne gwaje-gwaje. A cikin awa 72 an duba idanunta da zuciyarta da ƙugunta, an gwada jinta da wata ƙaramar na'ura, a rana ta 5 kuma aka soki diddigenta aka ɗiga jini a kati domin neman wasu cututtukan gado, ciki har da sikila. Wannan ya ba ni takaici, ganin cewa Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, amma yawancinsu ba a ganewa sai yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa. A wajen rigakafi kuwa gida ya fi sauri, domin za a ba ɗanki na tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna tun a kwanakin farko, mu kuwa na tarin fuka sai wajen kwana 28 aka yi mata, shi ma don iyayenta 'yan Nijeriya ne, ba kowane jariri ake yi wa ba.

Kada kuma ki ɗauka kyauta ne. Gaskiya ne ba a sa ni sayen safar hannu da auduga da reza kamar yadda ake rubuta wa mata a gida ba, amma kowane baligi a cikinmu yana biyan kuɗin kula da lafiya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, ban da harajin da ake cira a albashi.

Washegarin haihuwa aka sallame mu, kuma a nan ne na san darajar gida. Ungozoma tana zuwa ta duba mu har wajen kwana 10, ta rubuta a cikin jan littafin da ake adana bayanan lafiyar yarinya ta tafi, amma babu mai dafa ruwan wankan jego, babu mai dama kunu, babu mai karɓar jariri ki runtsa. Hutun mako 2 aka ba maigida, daga nan na zama ni kaɗai da yara biyu a cikin sanyin hunturu, kuma ranar suna mutanen da suka zo ba su cika falo ba. Ke kuwa kina da Inna da Gwaggo da dangi har sai kin yi arba'in.

Saboda haka, idan kin je awo na gaba, ki tambayi ungozoma kai tsaye ko za a ɗora miki jariri a ƙirji idan ya zo lafiya, ko za a auna shi a gabanki, da kuma wanda za a bari ya bi shi idan dole ta sa a kai shi wani ɗaki. Ki gaya wa Inna tun yanzu cewa ke za a fara miƙa wa shi, domin ranar ba za ki iya faɗa ba, na san halinki. Ki kuma roƙe ta, cikin ladabi, ta bar gashin cibiya da shafa mata man goge baki, a yi amfani da maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti. Na ba wata maƙwabciyarmu da za ta zo gida a ƙarshen wata tawul guda biyu da hulunan jarirai da na'urar auna zafin jiki, za ta kira maigidanki idan ta sauka Gombe.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaishe da Inna da Baba.

Yayarki.