Adaidaita Sahu na Biya-Ka-Mallaka: Tsari Mai Amfani, Takarda Mai Rauni

Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, sana'ar adaidaita sahu ta bunƙasa, dilolin da ke ba da adaidaita samfurin Bajaj RE ko TVS King a riƙa biya mako-mako su ma suka yawaita. Tsarin ya yi wa matasa rana, don mutum na iya fara aiki da ɗan kafin alƙalami da masu tsaya masa biyu. Inda yawancin dilolin ke faɗuwa shi ne takarda.

Farko a bambanta abu biyu. Balas haya ce zalla, ko shekara goma direba ya yi yana kaiwa, ko taya ɗaya bai mallaka ba. Biya-ka-mallaka kuwa yana ƙarƙashin dokar haya da niyyar saye ta 1965, wadda ta shafi duk abin hawa mai inji komai tsadarsa. A dokar nan babur ɗin, wato adaidaita sahun, na hannun direba, amma mallakarsa na wurin dila har sai an biya kashi na ƙarshe. Shi ya sa idan direba ya sayar da shi ana tsaka da biya, mai saye ya yi asara: wanda bai mallaki abu ba ba ya iya mallaka wa wani, kuma dila zai karɓe kayansa ko a hannun wa ya same shi.

Dokar ta ɗora wa dila wajibai waɗanda ba kasafai ake cika su ba. Dole ya sanar da direba a rubuce farashin babur in da kuɗi hannu za a saya, kafin a ƙulla yarjejeniya, domin a ga ribar da aka ɗora. Dole yarjejeniyar ta zama rubutacciya da sa hannun direba, ta nuna jimillar kuɗi, adadin kowane biya da ranarsa, sannan a ba shi kwafi cikin kwana 14. Abin da aka fi gani shi ne takarda ɗaya tal a aljihun tebur na dila, da littafin biya wanda shi kaɗai ke rubutawa. Ranar da aka samu saɓanin lissafi, direba ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Batun ƙwace babur shi ne ya fi jawo rigima, kuma a nan ne mutane suka fi jahiltar haƙƙinsu. A ce jimillar kuɗin naira miliyan 5 ce, ana biyan 50,000 duk mako, wato mako 100. Da zarar direba ya biya kashi uku cikin biyar, wato miliyan 3 a mako na 60, dila ba shi da ikon ƙwace babur da kansa, sai ta hanyar kotu. In ya yi gaban kansa, yarjejeniyar ta rushe, direba ya fita daga bashi, kuma yana iya neman a mayar masa da duk abin da ya biya. Akwai togaciya ɗaya: idan biya uku ko fiye suka taru ba a kawo ba, dila na iya ɗauke babur ya ajiye don kada ya lalace kafin kotu ta yanke hukunci. Ajiya ce kawai, ba lasisin sayar wa wani ba ne. Haka nan sharaɗin da ke cewa dila na iya shiga gida ya ɗauki babur, dokar ta ce ba shi da tasiri ko da an sa masa hannu.

Kafin a biya kashi uku cikin biyar ɗin kuwa direba na cikin haɗari sosai. Wanda ya biya mako 55 ya yi rashin lafiya zai iya rasa babur da kuɗinsa gaba ɗaya. Idan shi ne ya ga ba zai iya ba, yana da damar rubuta wa dila ya mayar da babur, amma zai cika abin da ya biya ya kai rabin jimilla in bai kai ba, miliyan 2.5 a misalinmu, ban da kuɗin ɓarna in bai kula da shi ba.

Dilan da ya cancanci a yi hulɗa da shi ana gane shi da ƙananan abubuwa. Yana rubuta lambar inji da lambar shasi a yarjejeniya, yana yarda a biya ta banki ko ya yanka rasit kowane mako, yana fayyace wanda gyaran inji ke kansa da yadda za a yi da makon da babur ke wurin bakanike. Mafi muhimmanci, yana rubuta cewa ranar biyan ƙarshe zai miƙa rasit na asali da takardar miƙa mallaka, waɗanda da su ake zuwa ofishin rajistar ababen hawa a canja suna. Da yawa sun gama biya amma takardun na ɗauke da sunan dila, sai sun tashi sayarwa ko an kama babur a hanya sannan su fara neman sa hannunsa, wani lokacin ma ya tashi daga shagon.