Maganin feshi na Karate a gonar dankalin Hausa

Karate, mai sinadarin lambda-cyhalothrin, maganin taɓawa ne: sai ya sauka a jikin tsutsa ko ta ci ganyen da ya jiƙa kafin ya kashe ta. A kan ƙananan tsutsotsi yana aiki da sauri, amma waɗanda suka naɗe ganye suka shige ciki sukan tsira. Shi ya sa ake juya bakin injin feshi zuwa ƙarƙashin ganye, da yamma, bisa awon da ke jikin kwalba.

Da yawa suna sayensa ba bukata. Dankali yana jure ɗan ɓarnar ganye, ya sake toho. Asarar da ke rage amfani ita ce a cinye yaɗo tas daga mako na huɗu zuwa wata na uku, lokacin da saiwa ke kumbura. Abincinta daga ganye yake zuwa, in an cinye shi sai a haƙo sirara. A nan ne kuɗin maganin ke halatta.

Aibinsa ba ƙarami ba ne: yana kashe ƙudan zuma da kifi, yana sa fata zogi. Kuma ba ya kaiwa ga ƙwaron da ya riga ya huda dankali a ƙasa, wannan sai an rufe tsagewar kunya da ƙasa. Masu tsinkar ganyen miya su jira kwanakin da takardar jikin kwalbar ta ƙayyade.