Wata uku da na yi da kamfanin talla, da abin da na gani a ofishinsu

Sana'ata haɗa garin kunun gyaɗa, garin ɗanwake da yajin daddawa. Ina ƙullawa a leda mai tambari, ina sayarwa daga gida a nan Kano. Shekara shida ina yi, kuma cinikina duk ta bakin mutane yake zuwa, sai ɗan hoton da nake ɗorawa a WhatsApp. Da Allah ya sa na samu lambar NAFDAC, maigidana ya ce lokaci ya yi da zan nemi waɗanda suka san aikin talla su fitar min da kayan zuwa Kaduna da Abuja. Haka na kai ga wani kamfani da ke hawa na biyu a wani bene cikin gari. Muka ƙulla yarjejeniyar wata uku, daga Janairu zuwa ƙarshen Maris na 2025, domin a ci kasuwar azumi. Azumin shekarar ya kama ranar 1 ga Maris, kuma duk mai wannan sana'a ya san babu watan da garin kunu ke tafiya kamar Ramadan.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda akwai yara masu neman halaliyarsu a ciki, ba na so maganata ta shafe su.

Bari in fara da alherinsu, don akwai shi. Ranar farko manajar ayyukansu ta zaunar da ni ta rabe min kuɗi gida biyu: ladan aikinsu daban, kuɗin da za a biya Facebook da Instagram daban. Ta kuma gaya min cewa tun farkon 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan da ake biya daga Najeriya, don kada in ga lissafi ya ɗan haura in zaci cuta ce. Sannan ta ɗauki takardar da na rubuto abin da nake so a faɗa, ta ja layi a ƙarƙashin inda na ce kununa yana ƙara wa mai jego ruwan nono. Ta ce, "Hajiya, wannan ba za mu sa ba. Rajistar abinci aka yi miki, ba ta magani ba." Ta bayyana min cewa akwai hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, kuma doka ta ba ta ikon tantance talla kafin ta fita. A lokacin raina ya ɗan sosu, domin maganar da nake faɗa wa kwastomomi ke nan shekara da shekaru. Daga baya na gane rufa min asiri ta yi.

Ranar ɗaukar hoto kuwa ba zan manta da ita ba. Na dama kunu tun daga gida na zo da shi a fulas. Muna isa wuta ta ɗauke, aka ce ba za a tayar da janareta ba sai Oga ya zo, don shi ke ba da kuɗin mai. Yaron da ke ɗaukar hoto bai ce komai ba. Ya jawo ƙaramin teburi zuwa bakin taga, ya shimfiɗa wani tsohon saƙi da ya zo da shi a jakarsa, ya ce in zuba kunun a ƙwarya maimakon kofin tangaran da na kawo. Ya ɗora ludayi a gefe, ya watsa 'yar gyaɗa, ya sauka ƙasa da kansa ya sayo ƙosai mai zafi ya jera a faifai. Sai ya tsuguna yana jiran rana ta ɗan karkato, har tururin kunun ya fito a cikin hasken. Da ya nuna min hoton a kyamara, na ga kamar ba kayana ba. Na miƙa masa kuɗin ƙosan ya ƙi karɓa, ya ce, "Haba Mama, ai aikina ne."

Wata yarinya aka ba kula da shafina, 'yar bautar ƙasa ce. Hausarta mai daɗi, ba irin wadda ake juyowa daga Turanci ba. Ita ta rubuta "Kunun gida, ba na kan hanya ba," kuma ita ke amsa masu tambayar farashi har ƙarfe goma na dare. A makonni huɗun farko na fara aika kwalaye ta tashar Unguwa Uku zuwa Abuja, abin da ban taɓa yi ba. Da a nan labarin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne jinkiri. Yarinyar za ta gama rubutu da zane tun Litinin, ta turo min in gani in amince, amma ba zai hau shafi ba sai Alhamis ko Juma'a. Na tambaya, ta ce komai sai ya bi ta hannun shugaban kamfani. Ba ita kaɗai ba, hatta manajar da ta fi kowa sanin aikin ba ta da ikon cewa a saki hoto ɗaya. Shi kuma mutum ne mai yawo, yau yana wajen taro, gobe yana bin kwangila. In ya tashi dubawa sai tsakar dare, ya tura saƙon murya a zauren ma'aikata ya ce a canja launi, a ƙara girman tambari, a sauya rubutu. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga mai biyan kuɗi. Manajar ce ta fahimtar da ni cewa tallar Facebook takan ɗauki kwanaki tana koyon irin mutanen da suka fi amsa ta, kuma duk lokacin da aka yi mata babban gyara sai ta koma farkon koyon. Wato duk canjin da ya yi da daddare, kuɗina ne ke ƙonewa.

Sai ranar da na ga abin da ya tsaya min a rai har yau. Wata takardar talla ta fita da farashin da ba nawa ba, an rage naira 500 a kowace leda. Mutane suka yi ta kira, na rasa yadda zan yi, na saka mayafi na tafi ofishin. Shugaban ya tarbe ni da fara'a, "Hajiya sannu da zuwa, a kawo wa Hajiya ruwa." Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa yarinyar kira. A gabana, a gaban sauran ma'aikata, ya ce mata ba ta da hankali, ya ce irinta goma suna layi suna neman wurin nan. Tana tsaye hannunta a baya, idonta a ƙasa, ba abin da take cewa sai "Yi haƙuri, Yallaɓai." Kowa a ɗakin ya duƙar da kai kan kwamfutarsa. Ni da na zo da fushi, sai kunya ta rufe ni. Ina da 'ya sa'arta.

Da zan sauka ta rako ni bakin bene. Na ce, "'Yata, yaya aka yi haka?" Ba ta amsa ba, sai ta buɗe wayarta ta kunna min saƙon. Muryarsa ce, ƙarfe ɗaya saura na dare, yana cewa a rage farashin don a jawo mutane, zai yi wa Hajiya bayani da kansa. Bai yi min ba. Ta roƙe ni don Allah kada in koma in tayar da maganar, na kuwa yi shiru saboda ita. Har yanzu ina jin nauyin wannan shirun.

Daga nan na fara lura da abubuwan da idona bai kai ba a da. Ma'aikatan ba su wuce goma sha biyu ba, kusan rabinsu 'yan bautar ƙasa ne da masu koyon aiki, waɗanda a lokacin alawus ɗin gwamnati na naira 33,000 ne babban abin dogaronsu. Sauran kuma albashi yakan kai tsakiyar wata mai zuwa bai shigo ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka a irin waɗannan ƙananan ofisoshi abin da mai gida ya ga dama shi ne doka. Ga shi lokacin litar mai tana wajen naira 1,000, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kuma da datarsu suke amsa wa kwastomomina da daddare. Ni kuwa ranar ɗaya ga wata nake biya, ban taɓa saɓawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba a hana kowa salla, akwai ɗan ɗaki da darduma da buta, kuma ban ga ana yi wa 'yan matan wasan banza ba. Tsakanin su kansu ma'aikatan akwai zumunci na gaske. Na sha tarar da su sun haɗa kuɗi sun sayo shinkafa da wake suna ci a faranti ɗaya, wanda ya gama aikinsa ya ja kujera ya taya ɗan'uwansa. Su ne ke riƙe da wurin.

Saura kwana tara a kama azumi yarinyar ta nemi a sauya mata wurin aiki, ta tafi. Babu wata takarda da aka ajiye ta yadda ake tafiyar da shafina, komai yana kanta. Wanda ya gaje ta bai san bambancin garin kunun gyaɗa da na tsamiya ba, ya kira ni sau uku a yini ɗaya yana tambayar abin da na riga na amsa tun Janairu. Ban ga laifinsa ba, jefa shi aka yi. Shi ma bai cika wata ba. Makon farko na azumi, makon da na shirya komai dominsa, na sayi buhunan gyaɗa na ɗauki mata biyu suna taya ni ƙulli, shafina ya yi kwana shida babu sabon abu. Saƙonni sun taru ba mai amsawa, sai da na karɓi aikin da kaina tsakanin sahur da asuba.

Da wa'adin ya cika na ce ba zan sabunta ba. Nan ma sai da aka sha fama, domin ashe asusun tallan a ƙarƙashin kamfaninsu aka buɗe shi, ba da sunana ba. Shafin ya dawo hannuna bayan mako biyu ina sintiri, amma bayanan mutanen da tallar ta tara da kuɗina sun zauna a wajensu. Duk mai ƙaramar sana'a da zai ba irin wannan kamfani aiki, ya buɗe asusun da sunansa ya ba su izinin shiga kawai, ya sa a rubuta cewa ba a taɓa farashi sai da sa hannunsa. Ya kuma je ofishin da kansa ba tare da sanarwa ba, ya tambayi wanda zai riƙe masa aiki wata nawa ya yi a wurin.

Manajar ta kira ni bayan ƙaramar salla ta ba ni haƙuri, ko da yake ba ita ta yi min laifi ba. Ta ce ita ma tana neman wani wuri. Yarinyar kuwa na nemo lambarta, yanzu ita ke kula min da shafin daga gida, ina biyanta kai tsaye a ƙarshen kowane wata. Hoton ƙwaryar nan da ƙosai shi na sa aka buga a kan sabuwar ledata. Na aika wa yaron da guda biyar ta hannun mai gadin benen, sai ya dawo min da su ya ce ai ya bar aiki tun cikin azumi.