Sayen motar lantarki a ƙasar zafi: fara tambayar me ke sanyaya batirin

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu leƙa farashin motar lantarki suka ƙaru, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: kilomita nawa take ci da caji guda, mene ne girman batirin, ƙirar wace shekara ce. Akwai tambayar da ta riga waɗannan, wadda da wuya dillali ya ɗauko maka ita da kansa: me ke sanyaya batirin? Motoci biyu za su iya shigowa da batir mai girma ɗaya, su yi 'yan shekaru a Sakkwato, ɗaya tana nan da ƙarfinta, ɗayar kuwa ta koma sai kai yara makaranta da zuwa cefane.

Batirin litiyom ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos. Sanyi na rage masa ƙarfi, amma da ya ɗumama sai ya dawo daidai. Zafi kuwa cin sa yake yi a hankali, kuma abin da ya ci ya tafi kenan. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, ga shi batirin a shimfiɗe yake a ƙasan mota, dab da kwalta mai ƙuna. Shi kansa kuma yana haifar da nasa zafin lokacin caji mai sauri da lokacin gudu a babbar hanya.

Mafi araha a kasuwar tokunbo su ne waɗanda ba a sa wa batirinsu komai ba. An rufe shi a akwatin ƙarfe, iskar da ke wucewa ta ƙasan mota ita ce kawai ke ɗebe masa zafi. Jagorar wannan rukuni ita ce Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai kilowat-awa 24 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa kenan), sai Volkswagen e-Golf. Tarihin Leaf ya isa mai saye a ƙasashenmu ya tsaya ya yi tunani. A 2012 masu ita a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda zafin bazara bai da bambanci sosai da namu, suka fara kuka cewa batirinsu na zubewa tun motar tana sabuwa. Sai da kamfanin ya fito da garanti na musamman: idan layukan da ke nuna lafiyar batir a allon gaban direba suka sauka ƙasa da 9 cikin 12 kafin shekara 5 ko mil 60,000, zai gyara ko ya canza. Daga baya an inganta sinadarin batirin don ya ƙara jure zafi, amma ba a ba shi sanyaya ba. Da aka kawo mai kilowat-awa 40 a 2018, sai wata matsalar ta bayyana: idan aka yi caji mai sauri sau biyu ko uku a tafiya guda, batirin ya ɗau zafi, motar sai ta rage saurin cajin don kare kanta, mutum ya zauna yana kallon agogo. Sai a zubi na uku, wanda aka nuna a 2025, Nissan ta koma sanyaya da ruwa. Wannan ma amsa ce.

Ba ina nufin Leaf ba ta da mai ita ba. A batirinta babu famfo, babu tiyo, babu ruwan da zai yi yoyo, don haka abin lalacewa kaɗan ne. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 40 ko 50 a yini, yana da rumfa, yana caji a hankali da dare, zai iya morar ta idan farashin ya faɗi ƙasa sosai. Amma ya saya da sanin cewa batirin zai riga sauran motar tsufa.

Akwai 'yan tsakiya, masu fanka. Hyundai Ioniq ta farko mai kilowat-awa 28 da Kia Soul ta farko suna janyo iskar cikin ɗakin motar su hura ta cikin batirin. Ma'ana idan kai ka ji sanyin AC, batirin ma ya ɗanɗana. Ya fi babu, sai dai ƙurar hunturu ba ta raga wa irin wannan hanyar iska, kuma mai kashe AC don tattalin caji yana cutar batirinsa bai sani ba.

Inda nake ganin kuɗin mai saye ya fi dacewa ya tafi shi ne masu sanyaya da ruwa: duk Tesla tun daga Model S ta 2012, Chevrolet Bolt, Volkswagen ID.4, Hyundai Ioniq 5, da Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas aka ƙaddamar a ƙarshen 2020. Ruwa mai gilaikol, sinadarin da ake haɗa ruwan lagireto da shi, yana zagaya faranti ko bututu a jikin batirin, famfon lantarki na tura shi. A nan ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lagireto ba ya iya sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar waje. Idan waje digiri 43 ne, lagireto kaɗai ba zai sauko da batir zuwa 30 ba. Shi ya sa ake bi da ruwan ta wani ƙaramin akwati inda gas ɗin AC ke zuƙe masa zafi. BMW i3 da wasu motocin BYD irin su Dolphin ma sun tsallake ruwan, gas ɗin ne kai tsaye ke bi ta ƙarƙashin batirin. To a irin waɗannan motoci, kwamfareson AC shi ne ran batir. A motar fetur idan AC ya mutu sai ka sauke gilashi ka yi haƙuri har albashi ya shigo. A nan kuwa jinkirin gyara batirin ne ke biya.

Sai maganar famfon zafi, wanda masu talla ke ɗagawa kamar shi ne komai. AC ne da ake iya juya aikinsa, ya ɗebo zafi daga waje ya shigo da shi ciki. Hita ta waya tana mayar da kilowat ɗaya na wuta ya zama kilowat ɗaya na ɗumi, famfon zafi kuma yana ba da ninki biyu ko uku idan sanyin bai yi tsanani ba. Tesla ta sa shi a Model Y a 2020, ta haɗa hanyoyin ruwan batir da na injin da na ɗaki a bawul guda. Don mutanen Nowe da Kanada aka yi shi. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019 ya nuna cewa a sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri, da hita a kunne, nisan tafiya ya ragu da kashi 41 cikin ɗari. A zafin digiri 35 da AC a kunne, kashi 17 ne. Sanyin safiyar Jos ko na Damagaram a watan Janairu bai kai ka ƙara kuɗi saboda shi ba. Idan ya zo da motar, to. Amma kada ya ruɗe ka: Leaf tana da famfon zafi a wasu nau'o'inta tun 2013, batirinta kuma babu sanyaya sai a zubi na uku.

Game da nisan tafiya, lambar da ke takarda an auna ta ne a digiri 23 da AC a kashe, a ma'aunin Turai na WLTP. Na Sin, CLTC, ya fi shi zuzutawa. Kona mai kilowat-awa 64 tana da kusan kilomita 480 a takarda, Kano zuwa Abuja kuma ya ɗan haura 400, amma wanda ya ɗauki hanya da rana tsaka yana gudu 120 da niyyar isa ba tsayawa, ya shirya kwana a hanya. Lissafin AC ma yana da ban mamaki. A ce yana jan kilowat 2. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, ya ƙara maka kilowat-awa 2 ne kawai a kowace kilomita 100. Idan kana rarrafe a cunkoso da kilomita 15 a awa, ya haura 13, kusan abin da ƙaramar mota ke ci don tafiyar kanta. Dabara ɗaya mai amfani: kunna AC minti goma kafin ka fita, motar tana jone da caja, wutar gida ta ɗauki nauyin farko.

Sinadarin batir ma yana da tasiri. Nau'in LFP, wato litiyom mai haɗin ƙarfe da fosfet, irin batirin Blade da BYD ta fito da shi a 2020, ya fi masu nikel da kobal jure zafi da cika caji, duk da ya fi nauyi. Mai batirin nikel kada ya cika shi taf ya bar motar a rana, kashi 80 ya isa na yau da kullum.

Kulawa kuwa, nan ne hannun bakanike ke iya yin ɓarna cikin awa guda. Kwamfareson motar lantarki yana da injin wuta mai ƙarfi a cikinsa, man da ke ciki dole ya zama wanda kamfanin ya ayyana, galibi wani nau'in mai da ake kira POE, wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa. Mai gyaran AC na bakin titi da ya saba zuba man motar fetur, ko ya yi amfani da tiyon da ya gama aiki da shi a wata motar, zai iya sa kwamfuta ta ga yoyon wuta ta ƙi tayar da motar. Gas ɗin ma iri-iri ne: tsofaffi R134a, sababbin na Turai R1234yf mai tsada, kuma an rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Ruwan sanyaya ba a cika shi da ruwan famfo ko na leda. Wasu motocin Hyundai suna da ruwa na musamman da lantarki ba ya bi ta cikinsa sosai, wanda ake canzawa a kan lokaci, Tesla kuma ta ce nata kada ma a buɗe. Bayan hunturu a hure ƙurar da ta toshe lagireto da kwandensa, a canza matatar iska.

Ranar dubawa, je da rana tsaka, ba da sassafe ba. Sa a ɗaga motar ka ga ƙasanta, domin da yawa daga cikin na gwanjon Amurka sun yi hatsari ko ruwa ya ci su, kuma lotsawa a farantin batir na iya nufin bututun ruwa ya tsage. Kunna AC ka bar shi rabin awa, ka saurari fanka da famfo. Nemi a jona na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota, ka ga lafiyar batir a lamba, da bambancin zafi tsakanin sassansa. Idan Leaf ce, manhajar LeafSpy za ta nuna maka gaskiya. Cikin layukan nan 12 na lafiyar batir, na farko ba ya ɓacewa sai batir ya rasa kusan kashi 15, kuma ana iya sake saita kwamfutar layukan su dawo 12 na ɗan lokaci. Dillalin da ya hana a jona na'ura, ka gode masa ka wuce gaba.